Tsoro da Takaici a Wasan Little Nightmares: Nazarin Ƙarfinsa da Rauninsa

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki wasan bidiyon nan mai suna Little Nightmares, wanda kamfanin Tarsier Studios da ke birnin Malmo na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, kamfanin Bandai Namco kuma ya fitar a watan Afrilun 2017, domin duba inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Wasan ya haɗa abubuwa uku: yanayin ban tsoro, warware ƙulli, da tsalle-tsalle daga wani dandamali zuwa wani. Matsayin takardar shi ne waɗannan abubuwa ba kullum suke jituwa ba. Duk inda ƙullin da mai wasa zai warware ya fito daga halittar abin da yake tsoro, wasan yakan kai matuƙa. Inda kuwa mutuwa ta yi ta maimaituwa saboda ruɗin kyamara, tsoro yakan gushe, takaici ya maye gurbinsa.

Gabatarwa



Zan fara da bayanin wasan a taƙaice domin waɗanda ba su taɓa yin sa ba. Mai wasa yana sarrafa wata ƙanƙanuwar yarinya mai suna Six, sanye da rigar ruwa mai launin rawaya, ba takalmi a ƙafarta, ba makami a hannunta, sai laita guda da take haskawa a cikin duhu. Tana farkawa ne a cikin akwatin kaya, a can ƙarƙashin wani ƙaton gini na ƙarfe da ke cikin teku, wanda ake kira Maw. Aikinta ɗaya ne, ta fita. Hanyar fitar ta ratsa ta babi biyar: kurkuku, masaukin makahon nan mai dogayen hannuwa da ke kula da yaran da aka tsare, kicin ɗin tagwayen masu dafa abinci, zauren baƙi, sai ɗakunan Uwargidan da ke mulkin wurin. Daga farko har ƙarshe babu wanda ya furta kalma ɗaya. Ko sunan Six da na Maw ba daga bakin wani a cikin labarin ake jin su ba.

Wasan yana cikin zuriyar da Limbo ya buɗe wa hanya a 2010, wanda kamfanin Playdead na birnin Kofanhegan ya yi, ya kuma biyo bayansa da Inside a 2016. Dukkansu labarin yaro ne shi kaɗai a cikin duniyar da ta fi ƙarfinsa, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Akwai dai bambanci guda da zan dawo kansa da tsawo: a wasannin Playdead yaron yana bin layi ɗaya ne, hagu ko dama, alhali Six tana iya shiga can cikin ɗaki ko ta matso kusa da mai kallo.

Inda wasan ya yi ƙarfi

Abu na farko da ke kama mutum shi ne girman komai. An gina kowane ɗaki daidai da jikin wasu halittu da suka ninka Six sau da yawa. Marikin ƙofa yana can sama, sai ta jawo kujera ko akwati ta taka, ta yi tsalle ta rataye a jikinsa da dukkan nauyinta kafin ya motsa. Makulli kuwa da hannu biyu take rungumarsa, kuma muddin tana ɗauke da shi ba ta iya hawa ko'ina. Durowa idan an jawo aljihunanta ta zama tsani. Kyamara tana kallon ɗakin daga gefe, tamkar gidan 'yar tsana da aka cire masa bangon gaba, sannan ginin gaba ɗaya yana tangaɗi a hankali saboda igiyar ruwa, har gwangwani yakan gangaro da kansa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kamfanin Tarsier ya yi aiki a baya a kan LittleBigPlanet na na'urar PlayStation Vita da Tearaway Unfolded, wasannin yara masu cike da kayan da ake ji kamar a taɓa, kuma wannan ƙwarewa ce suka juya ta koma ta ban tsoro. A fuskar talabijin babu ma'aunin rai, babu taswira, babu kibiyar nuna hanya. Abin da ido ya gani a ɗakin shi ne kaɗai bayani.

Tun a 1826 aka buga wata maƙala ta marubuciyar Ingila Ann Radcliffe, inda ta bambanta fargabar abin da ba a gani ba da firgicin abin da ya bayyana a fili. Wasan ya iya na farkon sosai. A ɗakunan farko Six tana wucewa ta ƙarƙashin ƙafafun wani mutum da ke reto daga sama, kujera na ƙasansa, kuma wannan kujerar ce za ta ja ta taka ta buɗe ƙofa. Ba a nuna fuskarsa ba, ba a kuma sake waiwayarsa ba. Daga baya ta faɗa wani rami cike da takalma, tana kutsawa cikinsu har wuya, sai wani abu ya taso a ƙarƙashin tulin yana watsa takalman yana bin ta. Har a gama wasan ba a ganin ko mene ne. Masu sharhi da dama sun ce tulin ya tuna musu da takalman da aka adana a gidan tarihin Auschwitz. Wasan bai ce komai a kan haka ba, amma duk wanda ya tambayi kansa ina masu takalman nan, zai sami amsa a kicin.

A ɓangaren abin da ya bayyana kuwa, ra'ayin Noël Carroll a littafinsa The Philosophy of Horror na 1990 yana da amfani. A ganinsa dodon da ke cikin aikin fasaha ba ya cika sai ya haɗa barazana da ƙyama. Halittun Maw sun cika wannan sharaɗi. Makahon, wanda kamfanin ya kira The Janitor, fatar goshinsa ta zazzago ta rufe idanunsa, ƙafafunsa gajeru, hannuwansa kuwa suna kaiwa daga wannan bango zuwa wancan. Masu dafa abincin suna numfashi da ƙyar, suna tari a kan naman da suke sara, wani lokaci ɗayansu ya cusa hannu ƙarƙashin fatar fuskarsa ya yi susa, abin da ke nuna fuskar ma sanya ta aka yi. Babu ɗayansu da ke da ƙaho ko fiƙa. Mutane ne da aka ja siffarsu har ta lalace, kuma dukkansu suna bakin aikinsu ne na yau da kullum: wannan yana naɗe kaya, wancan yana wanke kwanoni.

Babi na biyu ne, a ganina, ƙololuwar wasan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Makahon ba ya gani, amma kunnensa ba ya kuskure. Daɓen ɗakinsa na katako ne mai ƙara, sai 'yan wuraren da aka shimfiɗa darduma. Mai wasa da kansa zai gano cewa a kan darduma Six tana iya tafiya lafiya, a kan katako kuwa taku ɗaya ya isa ya sa mutumin ya daina abin da yake yi, ya karkata kai, ya miƙo hannuwa yana lalube. Ga wani birin wasan yara mai kaɗa faranti: in ta jefa shi can gefe ya fara kiɗa, makahon zai bi sautin, ita kuma ta samu ta wuce. A wani ɗakin talabijin za ta kunna don ta janye shi daga hanyarta. A duk wannan, abin sarrafawa da ke hannun mai wasa yana bugawa kamar zuciya idan haɗari ya matso.

A lura da abin da ya faru a nan. Tambayar da ƙwaƙwalwa ke warwarewa, wato ta ina zan bi, da abin da zuciya ke tsoro, wato kada ya ji ni, sun zama abu guda. Ba za ka warware ƙullin ba sai ka tsaya ka nazarci dodon, kuma gwargwadon yadda ka nazarce shi gwargwadon yadda yake shiga ranka. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun fi son a kira shi wasan ɓuya, kuma sunan ya dace, domin Six ba ta farautar kowa, ƙarƙashin gado da cikin kwali ne mafakarta. Ko ƙarshen wannan babi daga jikin makahon aka ciro shi: hannuwansa sun biyo ta ta ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe da wani keji ya tokare, ita kuma ta zare sandunan kejin tana kauce wa yatsunsa, ƙofar ta faɗo ta datse hannuwan.

A kicin ma akwai ƙulli guda mai irin wannan nauyi. Six tana buƙatar igiyar da za ta yi lilo da ita ta kai wata kafa a bango. Babu igiya, sai injin niƙa nama. Dole mai wasa ya jawo gunduwa-gunduwar nama ya jefa a injin, ya juya marikinsa, har jerin naman da aka ɗura a hanji ya yi tsawon da za a kama. A lokacin kuwa ya riga ya ga makahon yana naɗe yara a ƙyalle yana rataye su a ƙugiyoyin da ke tafiya zuwa wannan kicin. Dabarar mai sauƙi ce, amma wasan ya sa hannunka a cikin aikin gidan.

Sai yunwa. Sunan da aka fara sanar da wasan da shi a 2014 shi ne Hunger, kuma yunwar ce kashin bayan labarin. Lokaci-lokaci cikin Six yakan murɗa, ta dunƙule, tafiyarta ta yi nauyi. Karon farko wani yaro da ke tsare ya jefo mata burodi ta tsakanin sanduna. Na biyu ɗanyen nama ne da aka ɗana a keji, kuma da shi aka kama ta. Na uku ɓera ne mai rai da tarko ya riƙe. Na huɗu shi ne wanda ba a mantawa: ɗaya daga cikin 'yan halittun nan masu hula mai tsini da ake kira Nomes, waɗanda mai wasa ya saba rungumarsu a hanya, ya miƙo mata nama, ita kuwa ta bar naman ta cinye shi. Ƙarin babobin da aka fitar daga baya da sunan Secrets of the Maw, tsakanin 2017 da 2018, sun nuna cewa wannan halitta yaro ne da Uwargida ta mayar haka, kuma shi ne wanda mai wasa ya sarrafa a cikin ƙarin. Wasu na ganin aibi ne a ce yunwar ba ta da ma'auni, sai inda marubuta suka ga dama take zuwa. Ban yarda da su ba. Da an mayar da ita ma'aunin da ake cikawa da abinci, da ta zama lissafi, kuma da mai wasa ya sami hanyar kauce wa abin da labarin ke son ya gani, wato yarinyar da yake karewa tana zama irin abin da take gudu.

Inda ya yi rauni

Babban raunin wasan daga wurin da kyansa ya fito yake, wato kyamara. Tunda ɗakin yana da zurfi amma ana kallonsa daga gefe, ido ba ya iya tantance ko Six tana daidai da abin da za ta taka. Ga katako siriri an gitta a kan rami, ga duhu, ga gini yana tangaɗi. Mai wasa ya tura sandar sarrafawa dama, amma yatsansa ya ɗan karkata sama kaɗan, sai yarinyar ta zame ta bayan katakon ta faɗa. Ko ya yi tsalle zuwa wata sarƙa da yake gani a gabansa, ashe tana ɗan ciki da taku ɗaya, hannun Six ya kama iska. Abin ya yi kama da zura zare a allura da ido ɗaya a rufe. Limbo da Inside sun tsira daga wannan domin sun hana yaron barin layinsa. Sun rasa 'yancin leƙa lungu da ɓuya a ƙarƙashin tebur, amma duk tsallen da ya faɗi a cikinsu mai wasa ya san laifinsa ne.

Wannan magana ta laifi ita ce jigon matsalar. Jesper Juul, a littafinsa The Art of Failure na 2013, ya yi nazarin dalilin da ke sa mutane neman wasannin da ke kayar da su, ya kuma nuna muhimmancin wurin da mai wasa ke ɗora alhakin faɗuwarsa. Idan makahon ya kama ni don na taka katako, na koyi wani abu, kuma tsoronsa ya ƙaru a raina. Idan kuwa na faɗa rami don kyamara ta ɓoye mini taku ɗaya, babu abin da na koya game da Maw. Hankalina ya bar yarinyar ya koma kan yatsana da maɓalli, kuma yanayin da aka ɗauki minti ashirin ana ginawa ya rushe.

Maimaici kuma yana ƙara dagula lamarin. A zauren baƙi akwai wurin da waɗannan ƙattin masu ci ba ƙoshi suke barin teburansu su biyo Six da rarrafe, suna hawa kan juna, suna cika lungu kamar ambaliya, har ta yi tsalle ta kama wata fitila mai reto ta tsallake rami. A karon farko, ban san wani wuri a wasannin wannan zuriya da ya kai shi tayar da hankali ba. Amma gudun yana buƙatar a bi hanya ɗaya tak, kuma ba a sanin hanyar sai an mutu a kanta. A karo na biyar mai wasa ya daina ganin baƙi. Yana ganin jerin umarni ne: gudu, sunkuya, hau, tsalle. Ya kuma gano cewa kamun ba ya jawo asarar komai sai jira. A na'urorin PlayStation 4 da Xbox One da wasan ya fara fita a kansu, jiran lodi bayan kowace mutuwa yana da tsawo, sannan wani lokaci zangon da ake mayar da mutum yana baya da nisa, sai ya sake jan kujerar da ya riga ya ja.

Playdead sun san wannan haɗari. Su da kansu suka siffanta Limbo da wasan gwaji da mutuwa, amma sun sa dawowa ta zama nan take, kusa da inda aka faɗi, sannan kowace mutuwa tana nuna abin da ya kamata a gane. Kamfanin Frictional Games, su ma 'yan Suwidin kamar Tarsier, sun bi wata hanyar a Amnesia: The Dark Descent na 2010: idan dodo ya kashe ka, sau da yawa ba za ka same shi a wurin ba in ka dawo, don kada ka haddace shi. Little Nightmares bai ɗauki ko ɗaya daga cikin magungunan nan biyu ba. Ya bar mutuwa da sauƙin aukuwa, dawowa da nauyi, dodon kuma yana nan yadda aka bar shi.

Game da sauran ƙulle-ƙullen ba sai an tsawaita ba. In aka cire waɗanda na ambata, yawancinsu nemo makulli ne, ko nemo marikin juya inji, ko kashe wutar lantarki a ruga kafin ta dawo. Ba su da wuya, ba sa kuma haɓaka. Dabarar da aka koya a babi na ɗaya ita ce ake maimaitawa a na huɗu. Wanda ya zo neman irin wasa ƙwaƙwalwar da ke rabin ƙarshe na Limbo, inda ake juya maganaɗisu da nauyin ƙasa, ba zai same shi a nan ba. Wani lokaci ma wahalar ba ta tunani ba ce, ta gani ce: abin da za a kama ya saje da bango a cikin duhu.

An yi ta ƙorafi a kan gajartar wasan, domin ana gama shi cikin awa uku zuwa huɗu. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, tunda tsoro irin wannan ba ya jure dogon zama. Abin da na fi gani shi ne rashin daidaiton rabon. Makaho da masu dafa abinci sun sami fili, an zauna da su har an san halinsu. Uwargida kuwa, wadda Six ta yi mafarkinta tun a daƙiƙar farko, wadda aka hango tana kallon baƙi daga bene da abin rufe fuskarta fari, babinta ne mafi gajarta. An shiga ɗakunanta, an ga duk madubai a farfashe, an sami guda ɗaya mai lafiya a ɗakin da ta kulle. Tunanin yana da kyau ƙwarai: mace mai mulkin gidan ci wadda ba ta iya kallon fuskarta. Amma yadda aka aiwatar da shi faɗan ƙarshe ne irin na kowane wasa: tsaya a cikin haske, juya madubi ta inda ta ɓullo, maimaita har ta faɗi. Wasan da ya ginu a kan ɓuya ya ƙare da arangama, kuma arangamar ba ta buƙatar komai daga abin da mai wasa ya koya a baya. Abin da ya ceci ƙarshen shi ne yunwa ta biyar, lokacin da Six ta cinye Uwargidan, ta gaji ikonta, ta ratsa zauren baƙi suna zubewa matattu a gefenta.

Abin da kashi na biyu ya nuna

Little Nightmares II ya fito a watan Fabrairun 2021, da sabon yaro mai suna Mono, Six kuma tana rakiyarsa. Yana da amfani ga wannan nazari domin ya nuna abin da Tarsier suka ɗauka a matsayin gyara. Jiran lodi ya ragu, duniyar ta faɗaɗa zuwa daji da makaranta da asibiti. Kyamarar dai tana nan yadda take, sannan aka ɗora mata sabon nauyi: a makaranta Mono yana jan guduma ko bututun ƙarfe yana fasa kawunan wasu yara masu kan tangaran, kuma dukan yana buƙatar daidaiton wuri da lokaci, abin da wannan kyamara ba ta iya bayarwa. A asibiti kuwa sun sake dacewa da irin abin da suka samu a ɗakin makaho: gumakan marasa lafiya da ba sa motsi muddin hasken tocila na kansu, suna kuma rugowa da zarar ya kauce. Ƙulli da tsoro sun sake zama abu guda. Sai dai a ɗakunan da gumakan suka yi yawa, dole mai wasa ya riƙa juya tocilar ta kowace fuska yana gudu a cikin zurfin da idonsa ba ya iya aunawa, kuma a nan ne 'yan wasa da yawa suka yi ta mutuwa har gumakan suka daina ba su tsoro.